Dala biyar da dusar ƙanƙara: yadda Carol Hutchins ta gina sana'ar da ba ta tarar ba

A watan Fabrairun 1979 'yan wasan ƙwallon kwando mata na Jami'ar Jihar Mishigan suka maka hukumar jami'arsu a kotun tarayya. Wanda ya ji an ce kotun tarayya zai zaci wata gagarumar dukiya ake rigima a kanta, alhali dala biyar ce da gadon kwana. In an tafi wasa wani gari, ɗan wasa namiji dala 16 ake ba shi kuɗin abinci a rana, mace kuwa dala 11. Maza biyu-biyu suke kwana a ɗakin otal, kowa da gadonsa; mata huɗu ake cusawa ɗaki guda, biyu a kan kowane gado. Tun kafin a shiga gundarin shari'ar alƙali ya ba da umarni a daidaita. Sunan da ƙarar ta ɗauka shi ne Hutchins, ɗaliba 'yar shekara 21 da ke ajin ƙarshe. Bayan wata guda ƙungiyar maza ta wannan jami'a ta ɗauki kofin ƙasa da Magic Johnson a gaba, duk Amurka ta ɗauka. Shi da Carol Hutchins sakandare ɗaya suka yi, Everett, a garin Lansing.

Ita wannan ɗaliba ce ta yi ritaya a watan Agustan 2022 da nasara 1,707 a matsayin mai horar da softbol, adadin da a ranar babu wani koci, namiji ko mace, da ya kai shi a tarihin softbol na manyan jami'o'in Amurka. Masu son lissafi nan suke tsayawa. Ni a ganina adadin shi ne mafi ƙarancin abin da ke cikin labarin, domin sa'ad da ta fara, aikin da ta yi suna a kansa kusan babu shi. Da hannunta da na sa'o'inta aka ƙera shi.

Sai dai tukuna, mene ne softbol? Ƙanwar besbol ce, kuma wanda ya san kurket zai gane dangantakar. A birnin Shikago aka ƙirƙiro ta a 1887, a cikin ɗaki, da safar dambe da aka ɗaure ta zama ƙwallo. Sunan yana nufin ƙwallo mai laushi, amma kada ya yaudare ka: ƙwallon rawaya ce mai tauri, ta fi ta besbol girma, kewayenta wajen santimita 30, in ta same ka a ƙwauri za ka yi kwanaki kana tunawa. Kowane ɓangare mutum tara ne. Akwai tasha huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowace da mai bi mata mita 18 da ɗoriya. Mai jifa tana tsaye a tsakiya, nisan mita 13 daga mai riƙe da kulki. In mai kulki ta maka ƙwallon sai ta ruga tasha ta farko, masu tsaron fili kuma su yi ƙoƙarin cafe ƙwallon a sama ko su riga ta isar da ita tashar. Wadda ta zagaye tasha huɗu ta dawo gida ta ci maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an yi turmi ɗaya ke nan, kamar yadda 'yan dambe ke cewa, wasa kuma turmi bakwai ne. In an tashi kunnen doki a ci gaba har sai wani ya kayar.

Abin da ya raba ta da besbol shi ne jifa. Mai jifa ba ta ɗaga hannu ta wurgo daga sama. Juya hannun take yi zagaye guda kamar farfela, ta saki ƙwallon daga gefen cinya. Gwanaye suna kai gudun kilomita 110 a awa, kuma a nisan mita 13 mai kulki ba ta da ko rabin sakan na yanke shawara. Ga ƙwallon da ke tasowa sama, ga mai nitsewa ƙasa, ga wadda ake ragewa gudu don mai bugu ta yi gaggawa ta kai wa iska duka. Da yake irin wannan jifa ba ya cin kafaɗa kamar na besbol, mace ɗaya tana iya jefa wasa yau ta sake jefawa gobe. Ka riƙe wannan, don rabin siyasar wasan a nan yake: ƙungiyar da ta samu gwanar jifa ɗaya tana iya hawa bayanta har wasan ƙarshe, wadda ba ta samu ba kuwa ko kocinta waliyyi ne sai ta dawo gida da wuri.

An haifi Hutchins ranar 26 ga Mayun 1957 a Lansing. Tana shekara 15 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ake kira Title IX, wato babi na tara na gyaran dokar ilimi ta 1972. Jimla ɗaya ce mai kalma 37, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci wasanni ba. Cewa kawai ta yi makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta nuna wa kowa bambanci saboda jinsinsa ba. Amma a ofisoshin wasanni ne dokar ta fi tayar da ƙura, saboda a can bambancin ya fi fitowa fili, kuma an ba jami'o'i har 1978 su gyara. Kafin dokar ta kankama, yarinyar da ke son softbol na gaske sai ta nemi ƙungiyar manyan mata ta gari. Haka Hutchins ta yi, ta shiga Lansing Laurels tun tana sakandare, tana wasa da matan da suka girme ta nesa ba kusa ba.

A jami'a wasa biyu ta haɗa, kwando da softbol, daga 1976 zuwa 1979. A softbol ita ce mai tsaron ratar da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, wurin da ƙwallo ta fi biyowa da zafi, wurin da ake ajiye mai saurin hannu da saurin tunani. Ba mamaki masu tsaron wannan wuri da yawa suke zama koci daga baya, tunda daga nan ana ganin fili gaba ɗaya. A shekararta ta farko, 1976, ƙungiyarsu ta ɗauki kofin ƙasa a Omaha. Sai dai in ka buɗe kundin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a yau, ba za ka ga wannan kofi ba. Lokacin wasannin mata suna hannun wata ƙungiya ce dabam, AIAW, wadda mata malaman motsa jiki suka kafa a 1971 suna gudanar da abinsu da kansu. NCAA da farko yaƙar Title IX ta yi. Da ta ga abin ya zo ke nan, sai ta juya ta buɗe gasannin mata a kakar 1981 zuwa 1982, ta ce za ta biya kuɗin tafiya. Jami'o'i suka bi inda maiƙo yake, AIAW ta mutu. Gasar softbol ta NCAA daga 1982 take ƙirga shekarunta, kamar kafin nan ba a taɓa buga komai ba.

Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Indiana a 1981, tana taimaka wa kocin can. A 1982 ta riƙe ƙungiyar Ferris State shekara guda, ta ci wasa 23. Sai 1983 ta koma Ann Arbor mataimakiya a Jami'ar Mishigan, a 1985 aka ba ta ragamar. Mai karatu ya lura, jami'o'i biyu ne: ta Jihar Mishigan tana East Lansing, Jami'ar Mishigan kuma tana Ann Arbor, tsakaninsu wajen kilomita 100 da gabar da ta haura shekara ɗari. Ke nan gidan kishiya ta tafi neman aiki, ta kuma zauna shekara 38 tana koci.

Gidan da ta tarar ba mai maraba da wasan mata ba ne. Daraktan wasanni na lokacin, Don Canham, gwanin cika filin ƙwallon Amurka ne da 'yan kallo sama da dubu ɗari, kuma yana cikin waɗanda suka fito fili suka ƙi yadda ake son aiwatar da Title IX. Ƙungiyar softbol kanta a 1978 aka kafa ta. Dokar ma a lokacin ta yi rauni, don a 1984 Kotun Ƙoli ta taƙaita ta a shari'ar kwalejin Grove City, har ofisoshin wasanni da yawa suka fita daga ƙarƙashinta, sai a 1988 majalisa ta maido mata da haƙoranta duk da ƙin amincewar Shugaba Reagan. A waɗannan shekaru koci ita ce komai. Ita ke share fili ta baje ƙasa ta ja farin layi kafin wasa, ta haɗa da aikin ofis, sannan ta sa hula ta tsaya a matsayin mai horarwa. Kaka bakwai ta yi ba kofi. Sai a 1992 ta fara cin gasar Big Ten, rukunin manyan jami'o'in yankinsu, a 1995 kuma ta fara kai ƙungiyar gasar ƙarshe ta ƙasa. A yau wace jami'a ce za ta jira koci shekara bakwai? Rashin kulawar da aka yi wa wasan ya cuce ta ta fuskar kuɗi, amma ya ba ta abin da kuɗi ba ya saya, wato lokaci. Ba wanda ya damu ya kore ta, don ba wanda ke kallo.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai zai ɗauka aikin koci shi ne tsara 'yan wasa da sayen sababbi. Na jami'ar Amurka dabam ne. 'Yar wasa ɗaliba ce, kaka huɗu take da ita, in ta gama ta tafi, don haka kowace shekara wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar ke watsewa, sau da yawa kuma su ne gwanayen. Dole ta ci jarrabawa ko ta zauna a benci. Atisaye da wasa an ƙayyade su awa 20 a mako a lokacin kaka. Babban makamin koci shi ne tallafin karatu, kuma tsawon yawancin zamanin Hutchins abin da NCAA ta yarda a ba ƙungiyar softbol bai wuce tallafi 12 ba, alhali 'yan wasa sun kai 20. Sai a yi ta yanka shi kamar naman watanda: gwanar jifa ta samu cikakke, wata rabi, wata kuɗin littattafai kawai, wata ta zo da kuɗin iyayenta. Kowace yanka alkawari ce da aka yi wa wani uba da wata uwa a falon gidansu, kuma kuskure ɗaya a kan yarinya 'yar shekara 16 sai a yi shekara huɗu ana biyansa.

A ranar wasa kuwa, in ƙungiyarta ke bugu, Hutch, kamar yadda kowa ke kiranta, tana tsaye a gefen tasha ta uku. Daga nan take ba da umarni da alamu, ta taɓa hula, ta shafa hannu, mai kulki ta gane ko ta maka da ƙarfi ko ta ɗan tare ƙwallon ta gangara gabanta. In mai gudu ta taso daga tasha ta biyu ƙwallo tana can bayan fili, koci ce za ta auna ƙarfin hannun mai tsaro da saurin ƙafar yarinyarta cikin ƙiftawar ido, ta juya hannu alamar wuce gida, ko ta ɗaga biyu alamar tsaya. In ta yi daidai a yabi mai gudu, in ta kuskure kowa ya ga laifin wa. Koyarwar da aka fi saninta da ita ita ce wasan jifa ɗaya: ki manta da wanda ya wuce, kada ki yi tunanin na gaba, wannan da ke zuwa shi kaɗai ne naki. Maganar tana kama da ta kowa, amma a wasan da gwanar bugu ma takan faɗi sau shida cikin goma, wadda ba ta iya mantuwa ba ta ƙare.

Duk wannan kowane koci yana fama da shi. Abin da ya keɓanta da ita shi ne sanyi. Kakar softbol tana farawa a farkon Fabrairu ta ƙare a farkon Yuni. A Fabrairu filin Ann Arbor yana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ƙasa ta daskare kamar siminti. 'Yan wasan Arizona da Kalifoniya tun Janairu suna waje cikin rana, na Mishigan kuwa suna cikin rufaffen zaure a kan ciyawar roba. Ƙwallon da ta gangaro a kan roba ba ta tsalle irin na kan ƙasa, wadda aka buga sama kuma rufi ne ke tare ta, ba iska, ba rana a ido. Sai su hau jirgi zuwa Filorida ko Kalifoniya, su fito fili karo na farko a ranar da za a fara ƙirga sakamako, su buga wasa huɗu ko biyar a ƙarshen mako, su dawo aji ranar Litinin. Haka har tsakiyar Maris ko bayanta kafin su taka filinsu. Kuma tun kafin jami'a an riga an bar su a baya, domin yarinyar Kalifoniya wata goma sha biyu take wasa a shekara tun tana ƙarama, ta Mishigan kuwa rabin haka. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Sakamakon yana rubuce a jerin zakarun. Daga 1982 zuwa 2004 babu jami'a ɗaya daga gabashin kogin Misisipi da ta ɗauki kofin NCAA. UCLA, wato Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas, da Arizona ne suka cinye mafi yawa, ragowar suka tafi Texas A&M da Cal State Fullerton da Fresno State da Oklahoma da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Dabarar Hutchins ba asiri ba ce. Ta riƙe gwanayen yankinta kada su gudu inda ake zafi, sannan ta riƙa jawo ɗaya-biyu daga Kalifoniya da ƙimar digirin Mishigan, wadda take cikin manyan jami'o'in gwamnati na Amurka. Sara Griffin, wadda ta jefa su zuwa gasar ƙarshe a 1995, daga Kalifoniya ta zo. Ta kuma riƙe mataimakanta yadda ba a saba gani ba: Bonnie Tholl ta yi mata wasa daga 1988 zuwa 1991 ta dawo ta zauna kusan shekara talatin a gefenta, Jennifer Brundage kuma, tsohuwar 'yar UCLA mai zinaren Olamfik na 2000, ita ta riƙe horar da masu jifa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle a inda 'yan wasa ke sauyawa kowace shekara.

Sai 2005. Wasa 33 na farko duk a waje suka buga su. Suka faɗi na farko, suka ci 32 a jere. Mai jifarsu Jennie Ritter 'yar Dexter ce, wani ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da Ann Arbor, wato ainihin irin yarinyar da ake cewa sanyi ba zai bar ta ta kai ba. A shekarar ce aka fara yin wasan ƙarshe sau uku, wanda ya ci biyu ya ɗauka, kuma abokiyar karawarsu a birnin Oklahoma ita ce UCLA ta Sue Enquist, mai riƙe da kofin 2003 da na 2004. Wasa na farko UCLA ta lallasa su 5 da nema. Da tsohon tsari ne da shi ke nan an gama, sai a ce yamma ta sake nuna halinta. A na biyu ma an fara cin su biyu, suka farfaɗo suka ci 5 da 2.

Na uku, ranar 8 ga Yuni, turmi bakwai suka ƙare ɗaya da ɗaya. Aka shiga na takwas, na tara, ba wanda ya motsa. A turmi na goma, an riga an fitar da mutum biyu, biyu suna tsaye a tasha, sai Samantha Findlay ta ɗauki kulki. 'Yar ajin farko ce daga Lockport ta jihar Illinois, wata jihar sanyin. Mai jifar UCLA, Anjelica Selden, ita ma 'yar ajin farko ce. Findlay ta maka ƙwallon ta tsallake shingen hagu, maki uku a bugu ɗaya. Ritter ta koma ta rufe wasan, 4 da 1. Suka gama kakar da nasara 65, faɗuwa 7. Aka yi ta cewa karo na farko ke nan da kofi ya tsallako gabashin Misisipi, kuma a lissafin NCAA gaskiya ne. Amma ya taɓa tsallakowa sau ɗaya, a 1976, a zamanin da ba a ƙirgawa, kuma matar da ke tsaye a gefen tasha ta uku a 2005 tana cikin fili a wancan karon.

To, ina za a ajiye ta a cikin manya? Nan ne ya kamata a yi adalci ko da zai rage armashi. Kofin ƙasa ɗaya ta ci a shekara 38. Mike Candrea na Arizona ya ci takwas, Patty Gasso ta Oklahoma ma takwas, huɗu daga ciki a jere daga 2021 zuwa 2024. Kuma wani ɓangare na tarin nasarorinta ya samu ne saboda Big Ten ba ta kai rukunin yamma ƙarfi ba. Candrea kowane mako da UCLA da ire-irenta yake karawa, ita kuwa sau 22 ta ci rukuninta, har abin ya zama kamar gado. Wanda ya ce adadin 1,707 ya sa ta fi su, bai duba da wa aka buga ba. Su biyun ma sun yi ta karɓe wa juna kambin: ta wuce Margie Wright ta Fresno State a 2016, Candrea ya zo ya wuce ta ya yi ritaya a 2021 da 1,674, ita kuma ta sake wuce shi a Fabrairun 2022. Irin wannan kambi na wanda ya fi daɗewa ne.

Amma a juya ma'aunin. Sau 12 ta kai gasar ƙarshe ta ƙungiyoyi takwas, inda ba ruwan kowa da raunin rukuninka. Ba ta taɓa yin kakar da faɗuwa ta fi nasara yawa ba, ko ɗaya. A 2015 ta sake kai wasan ƙarshe da Sierra Romero, wata 'yar Kalifoniyar, suka yi ɗaya da ɗaya da Filorida kafin su faɗi na uku, abin mamaki shi ma 4 da 1. Kuma tun 2005 kofin ya sha zuwa gabashin Misisipi, Alabama a 2012, Filorida a 2014 da 2015, Florida State a 2018, amma dukansu kudu ne, inda ake wasa a waje tun Fabrairu. Daga yankin dusar ƙanƙara na tsakiyar arewa ba a sake ba. Ni da za a ce in zaɓa tsakanin takwas a hamadar Arizona da ɗaya a Ann Arbor, takwas zan ɗauka, ba na munafunci. Sai dai na san wanda ya fi wuyar maimaitawa.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da dokar da ta buɗe mata hanya. A 1972 sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata a jami'o'in Amurka mata ne ke horar da su. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya adadin ya faɗi ƙasa da rabi, ya kuma daɗe a can. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da aikin na share fili ne da albashin da ba ya kai wata, an bar wa mata kayansu. Da ya zama aiki mai kwantiragi da mota da mataimaka, maza suka shigo nema, masu ɗauka kuma yawancinsu maza ne, tunda da aka haɗe ofisoshin wasannin maza da na mata, kujerar darakta kusan kullum namiji ta bi. Ba wai maza ba su iya ba, Candrea shaida ne. Matsalar ita ce ƙofar gefe ɗaya take buɗewa: namiji yana neman aiki a ƙungiyar maza da ta mata, mace kuwa da wuya a ba ta ta maza. Hutchins ta daɗe tana magana a kan wannan ba tare da kara ba, kuma ta yi abin da ke hannunta, ta yaye 'yan wasa da dama da suka zama koci.

Ta sauka a daidai lokacin da ƙasar ke sauyawa a ƙarƙashin ƙafar kowa. Tun 2018 aka buɗe rumbun intanet da 'yar wasa za ta sa sunanta in tana son sauya jami'a, a Yulin 2021 kuma aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Ka tuna abin da na ce game da gwanar jifa ɗaya. A 2024 NiJaree Canady ta bar Stanford ta koma Texas Tech a kan yarjejeniyar da ta haura dala miliyan ɗaya, a kaka ta gaba kuma ta kai jami'ar da ba ta taɓa zuwa gasar ƙarshe ba har wasan ƙarshe, inda Jami'ar Teksas ta doke su. Wanda ya san labarin dala 11 ba zai yi baƙin ciki da wannan ba, haƙƙi ne da ya daɗe bai zo ba. Amma tsarin Hutchins, na ɗauko yarinya ɗanya a yi shekara huɗu ana gasa ta, ya dogara ne da cewa za ta zauna. Yanzu koci na iya rainon gwana shekara biyu, mai kuɗi ya zo ya ɗauke a ta uku, kuma jami'ar da ke cikin sanyi ce ta fi kowa shiga wannan haɗari.

Bonnie Tholl ce ta gaje ta. A 2023 aka sa wa filin wasan sunan Carol Hutchins, kuma a shekarar ne Mishigan ta kasa shiga gasar NCAA karo na farko tun 1994. Sai a 2024 kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka ya jawo UCLA da Washington da Oregon cikin Big Ten, yamma ta biyo sanyi har gida, rukunin da ake ci kamar gado ya zama wani abu dabam. A Mayun 2025 Mishigan da UCLA suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar rukunin, shekara ashirin bayan bugun Findlay. Mishigan ta ci 2 da nema.